Wayar da Muka Kasa Ajiyewa

Jama'a, ku gafarce ni da shirun da na yi muku kwana biyu. Masu turo saƙo suna tambaya ko Birki ne ya hana ni rubutu, ku daina ɗaukar alhakin bawan Allah, ko da yake a abin da ya same ni yau har da hannunsa a ciki, shi kuma bai ma sani ba.

Ga waɗanda yanzu suka shigo, ni ce Auta. Gwajin jini na karanta, amma a wani kemis da ke bakin titinmu nake tsaye daga safe zuwa yamma, ina miƙa maganin mura ina sauraron tarihin ciwon ƙafar tsofaffi. Birki kuwa mai nemana ne. Malamin koyar da tuƙi ne, ni na laƙaba masa sunan saboda motarsa birki biyu gare ta, shi kansa kuma komai a hankali yake yi. Ko ranar da zai ce yana sona, sai da ya daɗe yana ba da sigina kafin ya karyo kwana.

Makon jiya saƙo ya shigo wayata cewa wani babban asibiti a babban birnin ƙasa ya kira ni gwajin ɗaukar aiki. Ranar farko rubutu, rana ta biyu a ɗakin gwaji, kuma da sassafe suke rufe ƙofa. Tun da na gama makaranta ban taɓa samun wanda ya ce mini ko ci kanki ba, sai su. Na yi tsalle a tsakar gida har ɗankwalina ya faɗa cikin bokitin wankin Mama. Na fito da doguwar rigata ruwan toka, wadda nake ɓoyo don irin wannan rana, na goge ta na rataye a bayan ƙofa, na wanke baƙin takalmina marar tsini na jingina shi a rana.

Sai na kai wa Baba maganar.

Yana zaune a kujerarsa ta falo, wadda hannunta ɗaya ya ƙoƙe saboda a nan yake ɗora rediyo. Ya saurare ni har na gama, ya yi hamdala, sannan ya tura tabarau saman goshi.

"A ina za ki sauka?"

"Baba, akwai ƙananan otal masu araha kusa da asibitin, na ga..."

"Otal?" Ya dube ni kamar na ce zan kwana a tasha. "Da yayarki a garin, da gidanta, da mijinta? Ko gidan yayarki, ko kuma ki zauna. Magana ɗaya ce."

Ku bari in gaya muku wane ne Baba, don sai kun san shi za ku gane sauran. Tsohon ma'aikacin kamfanin waya ne, tun zamanin da mutum ke zama da abin ji a kunne yana haɗa kira da hannunsa. Ya yi ritaya, amma aikin bai sake shi ba. A gidanmu an yi mana uzuri a kan fasa kofi da ƙona tukunya, amma ba a taɓa yi wa kowa uzuri a kan waya ba. Dokarsa ita ce ba a riga mutum ajiye waya. Ko an gama magana, ko an yi sallama, sai ki tsaya da ita a kunne har ki ji an katse daga can, don a cewarsa mutum yakan tuna abu mafi muhimmanci ne bayan ya ce sai an jima. Idan mu biyu ne 'yan gida, babba ke ajiyewa. Abin ya bi jikinmu har ƙawayena suna yi mini dariya, wai ko da mai tallan katin waya na yi magana sai na jira ya sallame ni.

Da na ji sharaɗin Baba ban damu ba. Yaya ce fa, wadda ta goya ni. Tun da ta yi aure ta koma babban birni Mama ba ta da hira sai tata: gidan Yaya mai bene, labulen Yaya, 'yar Yaya da aka sa wa sunan Mama muke kiranta Takwara. Na tura mata saƙo cike da hotunan zuciya.

Sai yamma ta amsa.

"Masha Allah Auta, na taya ki murna. Amma ana yi mana fenti, gidan a hargitse yake."

"Yaya, ko a kicin zan kwana. Dare biyu ne kawai."

"Warin fentin zai tayar miki da asma."

"Yaya, ni ba ni da asma. Ke ce mai asma."

Alamar ta nuna ta karanta. Washegari ta ce dangin mijinta ne za su zo. Da aka sake kwana ta ce famfonsu ya lalace. Ban ɓoye muku ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, wato Yaya ta shiga cikin manya, ƙanwa mai warin kemis ba ta dace da kujerunta ba. Mama ta ce in yi mata uzuri, gidan miji ba gidan mutum ba ne. Baba ya kira ta da kansa a gabana. Ban ji abin da ta ce ba, na dai ga bayan sun gama ya daɗe yana kallon fuskar wayar, sannan ya kife ta a kan rediyo.

Ranar Laraba Birki ya biyo ya ɗauke ni daga aiki. Yana tuƙi hannu biyu a kan sitiyari, masu keke suna wuce mu.

"Ni ban ga abin tashin hankali ba," ya ce. "In kama miki ɗaki a babban otal, mai tsaro, mai na'urar sanyi. Baba zai yarda."

"Ba zai yarda ba. Kuma ko ya yarda ni ban yarda ba."

"Saboda me?"

"Saboda Hajiyarka ta riga ta ce yarinyar da ke neman aiki a babban birni idonta a buɗe yake. In ta ji ka biya mini otal tun kafin a kawo komai gidanmu, me ka ke so ta ce?"

Sai da muka wuce shataletale sannan ya ce, "To bari in yi tunani."

"Yi a hankali," na ce, "kada ka yi gudu."

Ya yi dariya, ni kuwa ko murmushi ban iya ba. Abin da na yanke shi ne in nemo ɗaki da ɗan abin da na tara, mai araha amma na mutunci, in haɗa bayaninsa kaf in ajiye a gaban Baba, in kuma roƙe shi har ya gaji. Ban da wata dabara bayan wannan.

Wanda bai taɓa neman otal mai araha a waya ba, bai san ƙarya ba. Hoto zai nuna miki gado fari tas da fure a kan matashi, ki gangara wurin sharhin waɗanda suka kwana ki tarar wani yana rantsuwa cewa shi da kyankyasai suka raba kuɗin ɗakin. Wani an rubuta "kusa da asibiti", da na duba taswira sai na ga sai an hau mota biyu. Wani kuwa yana da kyau da araha har na fara murna, sai na lura da awa suke ba da ɗakin, na rufe shafin da sauri kamar Baba na leƙe ta kafaɗata. Uwar ɗakina mai kemis, wadda ta saba zuwa sarin magani, ta ce in bar hoto in kira su da baki.

"Ki tambaye su abu huɗu," ta ce. "Ruwa na zuwa da asuba? In an ɗauke wuta suna tayar da janareta, ko sai baƙi sun yi yawa? Ƙofar tana da sakata ta ciki? Kuma akwai mashaya a ƙasa? Sannan kada ki yi musu wannan muryar taki ta 'yar makaranta, za su ninka miki kuɗi. Ki yi magana kamar wadda ta gaji da kwana a otal."

Yau da azahar, da kemis ya yi shiru, ta tafi ɗauko yaranta ta bar mini wayar shago. Na zauna a kan kwalin ruwan ƙarin jini a bayan kanta, na kumbura murya, na saki Turanci irin na manyan mata. Na farko ya ce ruwa sai dai a bokiti, ya katse. Ta biyu tana taunar cingam, na tambayi sakata ta ce, "Madam, nan ba kurkuku ba ne," ta katse. Na uku ko gama tambaya ban yi ba na ji ƙit. Kowannensu sai ya bar ni riƙe da waya a kunne kamar sakarya.

Sai na kira wani ƙarami da ke bayan asibitin, wanda hotonsa guda ɗaya ne tak, wata koriyar ƙofa da tukunyar fure a gefe. Layin yana ƙara, fanka na kaɗawa a can, wata mata ta ɗauka da Turancin aiki, muryarta a shaƙe kamar mai mura. Na jero tambayoyina. Ta amsa su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ruwa yana zuwa, amma in tara da dare don wani lokaci tankin yakan ƙare. Janareta zuwa tsakar dare ne kawai, ba za ta yi mini ƙarya ba. Sakata akwai, mashaya babu. In mace ce ita kaɗai, ta ce, gara ɗakin da ke kusa da teburin karɓar baƙi, ya fi ƙanƙanta amma tagarsa ba ta kallon titi. Da safe akwai shayi da burodi, asibitin kuma da ƙafa ake zuwa.

Na ji hankalina ya kwanta. Na ce zan sake kira, na gode. Ta ce ita ce da godiya, sai na zo.

Na tsaya ina jiran ta katse.

Ba ta katse ba.

Fankar tana ta kaɗawa. Ina jin numfashinta, da wani ɗan siririn sauti a ƙarshen kowane numfashi, irin na mai asma. Na ce a raina yanzu za ta ajiye. Ita ma, ashe, jira take. Muka yi ta zama a haka, ni a kan kwali, ita a inda take, ba mai magana, ba mai ajiyewa. Wani ya shigo kemis yana neman maganin ciwon kai, na ɗaga masa hannu ya jira. A duk faɗin ƙasar nan mutum nawa ne za su riƙe wayar otal a kunne suna jiran baƙuwar da ba su sani ba ta riga su ajiyewa? Na sauke muryar manyan matan, na yi magana da tawa.

"Yaya?"

Numfashin ya tsaya cak.

"Yaya, ke ce?"

"Auta." Da Hausa ta faɗa, a hankali. "Lambar wa ce wannan?"

Ban san lokacin da na sallami mai ciwon kai ba, ban ma san ko maganin da ya nema na ba shi ba. Na ja ƙofar shagon na koma bayan kanta.

Ba fenti, ba baƙi, ba famfo. Babu ma gidan. Kamfanin da mijinta ke aiki ya rufe tun bara, suka yi ta sayar da kaya har labulen da Mama ke ba da labari, daga baya mai gidan hayar ya ba su wa'adi. Mijin ya tsallaka wata ƙasa neman aiki, da farko yana kira kullum, yanzu sai ta yi sa'a. Ita kuma ta sami wannan aikin, suka ba ta wani ɗan ɗaki a baya kusa da tankin ruwa, nan take kwana da Takwara a katifa ɗaya. Hotunan da take turo mana duk tsofaffi ne, tana fito da su ɗaya-ɗaya kamar mai rabon magani.

"Me ya sa ba ki dawo gida ba?" Ina kuka nake tambayarta. "Yaya, gidanku ne fa!"

"In dawo in ce me? Ni na kawo shi, ni na ce in ba shi ba sai rijiya. Ranar da na sa ƙafa a gida da akwati, su Kawu za su taru su ce a raba auren, ni kuma ban cire rai da shi ba. Ga hawan jinin Baba. Ga Mama da ta gama gaya wa duk unguwa 'yarta na gidan bene." Ta ja numfashi da ƙyar. "Kin ɗauka wulaƙanci nake yi miki, ko?"

Haka kuwa na ɗauka. Kunya ta rufe ni, da tausayi, da wani haushi da ban san wa zan ɗora wa ba.

"Share hawayenki," ta ce, muryar yayata ta dawo sak. "Tunda kin sani, shi ke nan, abin ya zo da sauƙi. Yanzu zan kira Baba in ce an gama fenti, ki taho. Ki hau motar haya, zan tare ki a tasha. Ɗakin nan na kusa da tebur zan roƙi manaja ya bar miki, in ya ƙi mu matsu mu uku. Ki yi gwajinki ki ci. Amma Auta, don girman Allah, ko Birkin naki kada ya ji."

"Ba mai ji."

"Ki rantse."

Na rantse. Ta ce baƙo ya shigo, ta katse, kamar yadda babba ke yi.

Na ƙarasa aikin yau kamar wadda aka zare wa laka. Saƙon Birki ya shigo har sau biyu. "Na gama tunanin." Sannan, "Ina da albishir, amma sai kin dawo." Ban buɗe ba, na bar su a saman allo. A hanya ina ta lissafin abin da zan cusa a jakata in kai wa Yaya ba tare da Mama ta lura ba: maganin shaƙarta, sabulu, 'yan kayan Takwara. Duk da nauyin da ke ƙirjina, wani gefe na zuciyata yana murna, kuma ba zan yi muku ƙarya a kan wannan ba. Zan tafi. Rigata ruwan toka za ta ga babban birni.

Da na karyo kwanar layinmu sai na hango motar koyon tuƙi a ƙofar gida, an faka ta daidai kamar da ma'auni.

Na yi sallama. Birki yana zaune a ƙasa kan darduma, ya sha farar shadda da hula, ya naɗe ƙafa kamar ɗalibi. Baba yana kujerarsa. Mama kuwa ta baje babban akwatinta a tsakiyar falo, wanda ba ya saukowa daga saman kwaba sai tafiya ta kama, bakinta ya ƙi rufuwa.

"Auta, zo ki ji abin arziki! Yayarki ta kira, an gama fentin, ta ce ki taho. Muna cikin murna sai ga Malam ya zo gaishe da Babanku, ashe shi ma da tasa. Ya ce me zai sa ki sha wahalar motar haya, shi zai kai ki da kansa har ƙofar gidan yayarki. Don kada a yi surutu kuma, ya ce in shirya mu tafi tare!"

Birki ya sunkuyar da kai yana murmushi, irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran a yaba. "Na ga Mama ta daɗe ba ta ga Takwara ba," ya ce. "Ga wuri a mota. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Mama. Ta ɗago wata 'yar riga ja mai ɗigon fari da ta ɗinka tun watannin baya ta rasa mai kaiwa. "Ko ta yi mata kaɗan yanzu? Ke Auta, duba mini. Zan ga labulen nan da idona, in dawo in ba maƙwabta labari da hujja."

Wayata ta yi motsi a hannuna. Na saci kallo. Yaya ce. "Na gaya wa Baba. Na yi wa manaja magana ya yarda. Allah ya rufa miki asiri yadda kika rufa mini, ƙanwata."

Na dubi akwatin. Ta ƙofar ɗakina da ke buɗe ina hango rigata ruwan toka a rataye, a goge, ko ƙura ba ta hau ba. Na yi ta neman wata hanya a kaina, kowacce na bi sai ta kai ni gaban koriyar ƙofar nan da Mama tsaye riƙe da jar riga. In na ce Mama ta zauna, sai an tambayi dalili. In na ce Birki ya bari, Mama ta riga ta sa rai, ko a motar haya za ta bi ni.

"Baba," na ce, "ni na fasa tafiyar."

Jar rigar ta zame daga hannun Mama. Birki ya ɗago kai da saurin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Kin fasa?" in ji Mama. "Ke da kika hana mu barci mako guda? Aljanu ne suka shafe ki a hanya?"

"Na duba ne na ga ko na je ba ci zan yi ba. Masu hanya sun riga sun raba guraben. Gara in riƙe kemis ɗina."

"Auta, in wani abu na yi..." Birki ya fara.

Baba ya ɗaga masa hannu. Bai ɗaga murya ba, bai ma ɓata fuska ba. Ya ce, "Malam, mun gode ƙwarai. Ka ɗan ba mu wuri, za mu neme ka." Birki ya miƙe jiki a sanyaye, ya dube ni, na kau da kai. Muna ji ya tayar da mota, ya daɗe kafin ya ja.

Baba ya kashe rediyo. Ya cire tabarau ya naɗe, ya ɗora a kan wayarsa da ke kife.

"Shekarun da na yi ina haɗa kira," ya ce, "ban koyi komai ba sai sauraron abin da ke bayan murya. Yayarki da kaina na koya mata riƙe waya, kuma ta fi ku duka kiyayewa. Tun bara ta fara riga ni ajiyewa. Ni, ubanta. Ko sallama ban gama ba sai in ji ƙit. Na san akwai abin da take gudun kada in ji a inda take, na yi shiru ina jiran ta faɗa da bakinta. Yau ta kira da murna ta ce ki taho, ke kuma da aka ce uwarki za ta bi ki, kin ce kin fasa."

Mama ta zauna a bakin akwatin a hankali, tana kallonsa tana kallona.

Baba ya jawo ƙaramar kujerar da nake zama a kai tun ina yarinya in zai yi mini karatu, ya ajiye ta dab da gwiwarsa.

"Zo ki zauna, Auta," ya ce. "A ina 'yata take kwana?"